Ina Aka Baro Balaga? Tsokaci Kan Koyar Da Insha'i A Makarantunmu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna ana maganar littattafan da matasanmu ke rubutawa, ƙorafin da aka fi ji shi ne na rashin iya Hausa. Wannan ya ce ba su san ƙa'idojin rubutu ba, wancan ya ce ba su iya ƙulla zance ba, wani kuma ya ce ai labarin duk ɗaya ne, sunaye kawai ake canzawa. Haka aka yi ta yi a shekarun 1990, lokacin da su Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi ta fafatawa a shafukan jaridu a kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, wasu na suka wasu na karewa. Haka kuma ake yi yau game da masu rubuta labarai a wayar hannu.

To, amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Kafin marubuci ya zama marubuci, ɗalibi ne a wani aji, kuma wani ne ya fara ce masa ya ɗauki biro ya rubuta insha'i. Wannan wanin kuwa mu ne, malaman Hausa na makarantun sakandare. Saboda haka muka ga ya dace mu duba kayan aikin da aka damƙa mana, mu auna su da abin da muke gani a aji a nan Kunci, inda muke koyarwa. Abin da muka gano, a taƙaice, shi ne littattafanmu sun koya mana siffar insha'i ƙwarai da gaske, amma sun raba shi da balaga, wato ilimin sanin maganar da ta dace da mai saurare. Sakamakon haka muna yaye ɗalibai masu iya cika shafi, waɗanda ba su san da wa suke magana ba.

Abin da ke hannunmu

Malamin Hausa na yau ba zai ce an bar shi hannu rabbana ba. Tun da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 aka samar da littattafai bisa manhaja. Akwai Sabuwar Hanyar Nazarin Hausa na su R. M. Zarruk don ƙananan azuzuwa, akwai kuma Darussan Hausa Don Manyan Makarantun Sakandare wanda Ibrahim Yaro Yahaya da Mu'azu Sani Zariya da Sa'idu Muhammad Gusau da Tanimu Musa 'Yar'aduwa suka rubuta, aka buga a Ibadan a 1992. Ga Hausa A Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, 1988, don tarihin rubutu. Ga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, 2006, wanda ya hutar da mu daga neman ma'anar kalmar Hausa ta hanyar Turanci. Waɗannan ayyuka ne na a yaba, kuma duk wanda ya taɓa shiga aji ba littafi ya san darajarsu.

Sai dai littafin da aka rubuta bisa manhaja tilas ya raba shafukansa tsakanin harshe da adabi da al'adu, don haka rabon da insha'i ke samu kaɗan ne. Abin da malami zai iya tsinta shi ne ma'anar insha'i, da ire-irensa, wato na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da rubutun wasiƙa, sa'an nan sassansa uku: gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Daga nan sai misali. A jarrabawar fita kuwa, ta WAEC ko ta NECO, abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya zaɓi batu ɗaya ya rubuta kimanin kalmomi 300.

Me wannan ke haifarwa a aji? Bari mu ba da misalin da ba mu gajiya da gani. In muka ce a rubuta insha'i a kan amfanin noma, a aji mai yara fiye da 70, da wuya a sami goma da ba su buɗe da cewa noma na duƙe tsohon ciniki ba. Daga nan sai a jero: noma na samar da abinci, noma na samar da kuɗin shiga, noma na rage zaman banza. A rufe da kira ga gwamnati ta kawo taki. Alhali kuwa yaran nan 'ya'yan manoma ne gaba da baya. A ƙasarmu gona na manne da gona, ba a barin fili ya huta, yaro tun yana shekara bakwai yake bin jaki da mangalar taki zuwa gona da rani. Ya san bambancin gero da maiwa, ya san ranar da ake shukar wake a tsakanin dawa, ya san yadda fuskar mahaifinsa ke komawa in ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka. Duk wannan ba ya shiga takardarsa, domin mun nuna masa cewa insha'i wani tufafi ne da ake arowa ranar jarrabawa, a mayar wa mai shi bayan an fito.

Daga ina wannan rabe-rabe ya fito?

Da yawanmu mun ɗauka raba insha'i zuwa labari da siffantawa da bayani da muhawara wata doka ce da aka halicci rubutu da ita. Ba haka ba ne. Wanda ya fi yaɗa wannan rabo wani malami ne ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Bain, a littafin koyar da insha'in Turanci da ya fitar a 1866. Daga can ya shiga littattafan makarantu na Ingila da Amurka, ya biyo darasin Turanci ya iso mana, mu kuma muka fassara shi muka sa a darasin Hausa.

Abin lura shi ne, su masu abin sun daɗe da sake tunani. A Amurka koyar da insha'i fanni ne mai zaman kansa: tun 1949 malaman insha'i na jami'o'i suka kafa ƙungiyarsu, suka fara fitar da mujallarsu a 1950. A farkon shekarun 1970 masana irin su Janet Emig da Donald Murray suka ja hankali ga cewa a riƙa koyar da yadda ake yin rubutu, daga tunani zuwa rubutun farko zuwa gyara, maimakon a tsaya yi wa wanda aka gama maki. A 1981 kuma Robert Connors ya rubuta wata maƙala da ta yi suna a kan tashe da faɗuwar wannan rabe-rabe na Bain. Hujjarsu ita ce, ba wanda ke zama ya ce yau siffantawa zan yi. Mutum yana da buƙata ne ga wani, sai ya ba da labari in labari zai biya buƙatar, ya siffanta in siffantawa za ta biya ta, ya kawo hujja in ana ja da shi, sau da yawa duk a shafi ɗaya.

Ba muna cewa a kwashe abin da Amurkawa suka yi a juye mana ba ne, don irin wannan aro ne ya kai mu inda muke. Muna cewa ne abin da suka koma nema, mu muna da shi a gida tun tuni.

Balaga a zaure

Kowane ɗan Musulmi a ƙasar Hausa ya san littafin Ahalari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mai littafin, Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya wallafa Jauharul Maknun a kan balaga. Wannan da Uƙudul Juman na Suyuɗi littattafai ne da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan malamai a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, su haɗa da Muƙamatul Hariri don ƙwarewa a lugga. Tushen ilimin kuwa yana komawa ga malamai irin su Abdulƙahir al-Jurjani na ƙarni na 11.

Malaman balaga sun ce magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki, kuma sun raba ilimin gida uku. Akwai ma'ani, wanda ke duban yadda za a tsara jimla gwargwadon mai saurare: ina za a taƙaita, ina za a tsawaita, me za a gabatar, me za a jinkirtar. Akwai bayani, wanda ke duban kamance da aron kalma da kinaya. Akwai badi'i, wanda ke duban ƙawata magana. Alal misali, a babin ma'ani an bambanta wanda bai da labari da mai kokwanto da mai musu. In muka mayar da abin Hausa, wanda ya dawo daga tafiya za ka ce masa, "An yi ruwa jiya." Wanda ya ɗaga gira za ka ce masa, "Lalle an yi ruwa jiya." Wanda ya ce ƙarya ne kuwa sai ka ce, "Wallahi an yi ruwa, je ka tona ƙasa ka gani." Labari ɗaya ne, masu saurare ne uku. Wanda ya rantse wa na farko ya yi ɓarnar rantsuwa, wanda kuma ya yi wa na uku magana a sake ya yi asarar yawunsa.

Yanzu mu dubi abin da masana Hausa suka yi. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana hanyar feɗe waƙa, ya kuma sabunta ta a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa a 2007. Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Abdullahi Bayero Yahya ya fitar da Salo Asirin Waƙa a 2001. Albarkacin irin waɗannan ayyuka yau ɗalibin sakandare na iya gaya maka kamance da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa da kambamawa, duk da Hausa. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Amma mai karatu zai lura da abu biyu. Na farko, duka littattafan nan uku a kan waƙa suke. Na biyu, abin da ya fi isowa aji daga cikinsu shi ne adon harshe, wato abin da ya yi daidai da bayani da badi'i. Ma'ani, wanda shi ne ya fi kusa da aikin mai rubutun zube, shi aka baro a zaure.

Ga yadda abin ke kasancewa a jadawalinmu. Ranar Litinin a darasin waƙa yaro zai nuna maka kamance a baitin wani, ya ci maki. Ranar Laraba a darasin insha'i ba zai taɓa tunanin shi ma yana da ikon ƙirƙiro nasa ba. In ma ya tuna da ado, sai ya yayyafa karin magana uku a gabatarwa, ko sun dace ko ba su dace ba, don ya ji an ce ana ba su maki. Laifin kuwa ba na masu littattafan ba ne, su sun yi abin da suka sa gaba. Giɓi ne da har yau ba mu ga littafin da ya cike shi a hannun malamin sakandare ba.

Aku malamin insha'i

Wani abin mamaki shi ne, littafin da ya fi kowane koyar da wannan ilimi yana cikin kabad ɗin kusan kowace makaranta, amma mun ɗauke shi littafin hira kawai. Muna nufin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya rubuta a Zariya a ƙarƙashin kulawar Rupert East, aka buga shi a ƙarshen shekarun 1930 don karatun 'yan makaranta.

A duba ginin littafin. A na ɗaya, aku ba don nishaɗi yake ba Musa labarai ba. Yana da buƙata: ya hana ɗan sarki fita daga gida, inda makircin Waziri ke jiransa. Saboda haka kowane labari dabara ce ta riƙe mai saurare wanda hankalinsa ke waje. A na biyu, gasa ce tsakanin aku biyu a gaban jama'a, kowa na neman ya rinjayi abokin karawarsa. A na uku kuwa, aku ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana, sunan ɗan ma kansa daga fasaha aka ciro shi. Wato dai riƙe mai saurare, da ja-in-ja, da koyar da na baya. In wannan ba manhajar balaga ba ce, to mece ce?

Amma me muke tambayar yara a kansa? Wane ne ya ce kaza, a wane gari aka yi kaza, kawo darussa uku da ke cikin labarin. Ba mu cika tambaya ba: me ya sa aku ya zaɓi wannan labari a wannan dare? A ina ya ja zance, a ina ya datse shi? Da Sarki yake gaya wa, ba Musa ba, me zai canza? Waɗannan su ne tambayoyin da ke mayar da mai karatu marubuci.

Abin da muka gwada

A shekarar 2024 aka canza sunan ƙaramar hukumarmu daga Kunci zuwa Ghari. Kowa ya san abin da kunnen Bahaushe ke ji in an ambaci sunan farko, ko da yake ƙugiya ɗaya ce ta raba kunci na fuska da ƙunci na rai. Maganar ta cika majalisu da bakin kasuwa, sai muka kawo ta aji. Muka ce kowa ya rubuta wa wanda ba su yi ra'ayi ɗaya ba a gidansu ko a unguwarsu, ya nemi shawo kansa. Ba mu ambaci gabatarwa ko kammalawa ba.

Wata yarinya ta rubuta wa yayanta: "Kakarmu ta haura shekara 80 tana cewa ita 'yar Kunci ce, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa saboda sunan ba. Shekarar da aka yi fari, har garuruwa masu daɗin suna sun sha wuya." Wani yaro kuma ya rubuta wa kawunsa: "Kawu, ran da na je birni aka tambaye ni garinmu na faɗa, sai yaran suka fashe da dariya. Kai da girmanka ba wanda zai yi maka haka, shi ya sa ba ka ga abin da muke gani ba."

A dubi waɗannan jimloli da kyau. Yarinyar ta jingina maganarta ga mutumin da yayanta ba zai iya ƙaryatawa ba, sa'an nan ta kawo hujjar hankali: in suna ne ke kawo wahala, me ya sami masu daɗin suna? Yaron kuwa zuciya ya nufa, kuma don da babba yake magana, sai ya ba kawun nasa uzuri kafin ya ja da shi. Aristotal na ƙasar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ce da abu uku ake shawo kan mutum: mutuncin mai magana, da motsa zuciyar mai saurare, da hujja. Yaran nan ba su taɓa jin sunansa ba. A gida suka koya, wajen dillali a kasuwar dabbobi, da wakilin ango ranar neman aure, da mai unguwa in yana sasanta manomi da makiyayi. Abin da muka yi kawai shi ne muka ba su mai saurare na gaske da batun da ya dame su. Bayan haka ne muka sa suka sake rubutawa, muka gyara rabin kalma da haɗe ta, da ƙugiya, da sakin layi, kuma a karon farko muka ga yara na jayayya da mu a kan gyara, don abin nasu ne.

Ba za mu ɓoye ba, hanyar na da wahala. Duba takarda 70 sau biyu ba wasa ba ne, kuma a zango ɗaya sau uku kawai muka iya. Tilas kuma a koya wa yaro siffar da jarrabawa ke nema, don ba za mu sa ya faɗi saboda ra'ayinmu ba. Amma mun lura wanda ya saba rubuta wa mutum bai sha wuyar cika kalmomi 300 ba.

Labari ba ya isowa karkara

Saura matsala ɗaya. Mai yiwuwa wani masani ya karanta wannan ya ce ai an yi bincike a kan salon zube da dabarun jawabi. To, ina yake? Jami'ar Bayero na da mujallun Harsunan Nijeriya da Algaita, Jami'ar Ahmadu Bello na da Harshe, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da Ɗunɗaye, ga kundayen digiri jibge a ɗakunan karatu. Amma malamin da ke Kunci ko Tsanyawa ko Ɓagwai, in ba ya koma ƙaro karatu ba, yana iya shekara goma bai ga ko bangon ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya fito da shi daga kwaleji, da shi zai yi ritaya. Wayar hannu ta rage nisa, gaskiya ne, amma abin da ta fi kawo wa ɗalibanmu shi ne shiryayyun amsoshin jarrabawa, waɗanda su ne cutar da muke kuka da ita.

Kammalawa

Muna da roƙo guda uku. Ga masana, muna roƙon ƙaramin littafi da Hausa a kan balagar zube, wanda zai ɗauko babin ma'ani daga zaure ya haɗa shi da adon harshen da aka riga aka yi wa suna, da misalai daga wasiƙa da sharhin jarida da jawabin sulhu da cinikin kasuwa. Ga wannan mujalla, muna roƙon shafi ɗaya a kowace fitowa don malaman insha'i: wane littafi ya fito, ina ake samunsa, nawa ne, da taƙaitaccen bayanin maƙala ɗaya daga mujallun jami'a cikin Hausar da kowa zai gane. Ga 'yan'uwa marubuta kuwa, in kun kawo ziyara makarantunmu, kada ku zo da bugaggen littafi kaɗai. Ku zo da rubutunku na farko, mai kashe-kashe da gyare-gyare, yara su gani da idonsu cewa ba a haifi kowa da iyawa ba.

Ku kuma masu sha'awar fara rubutu, kafin ku ɗora biro a takarda, ku tambayi kanku: da wa nake magana, me ya riga ya sani, me nake so ya yi ko ya ji in ya gama karantawa? Mu da muka koyar da ku ba mu cika yi muku wannan tambaya ba, kuma mun karɓi laifinmu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa mu dace, amin.